Dara da Daula: Daga Inuwar Turawa zuwa Fagen Karaye

Wanda ya taɓa yin rani a Turawa, garin nan na ƙasar Karaye da ke gaɓar madatsar ruwan Challawa, ya san cewa idan an gama girbi an kai dawa rumbu, masunta kuma sun fito daga ruwa sun shanya taru, akwai wata majalisa wadda ba ta da sarki ba ta da sanƙira, da takan haɗu a inuwar bishiya tsakanin azahar da la'asar, inda dattawa biyu sukan zauna suna fuskantar juna, a tsakaninsu 'yan ramuka jere a ƙasa, ɗaya riƙe da tsakuwa ɗaya riƙe da guntayen kara, sauran jama'a kuwa sun yi musu zobe, kowa na rantsuwa ya hango abin da mai wasan bai gani ba. Wannan ita ce dara, kuma ba na tsammanin akwai gari tsakanin Karaye da Rogo wanda ba a taɓa tona gurabunta a ƙofar wani zaure ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan al'ada, wadda da yawa daga ma'abota ilmi suke ganin ba ta cancanci tawada ba, shi ne wani ɗan ƙanwata da ke karatu a Kano ya zo mana hutu da kwamfutarsa ta hannu, ya kwana uku yana fama da wani wasa mai suna Civilization, wanda a cikinsa mutum yakan ɗauki al'umma tun tana ƙauye guda ya rene ta har ta zama daula, shi ya taka, kwamfuta ta taka, bi da bi. Da na tsaya a kansa ina kallo sai ya ce mini, "Kawu, wannan fa ba irin dararku ba ce, nan ƙasashe ake ci." Na ce masa, "To, ɗana, Allah ya ba da sa'a," na koma gefe. Amma maganar ta tsaya mini a rai, domin duk dabarar da na ga yana taƙama da ita na taɓa jin ta a bakin 'yan dara, na kuma taɓa karanta ta a tarihin wannan ƙasa tamu, tun zamanin da Karaye take bakin iyaka tsakanin Kano da Katsina.

Sunan dara a bakin Bahaushe ya haɗa wasanni biyu. Akwai ta zuba 'ya'ya a gidaje goma sha biyu ana kwasa ana rarrabawa, irin wadda Yarabawa suke kira ayo, akwai kuma ta jeri, wadda ita ce abin nufinmu a nan. Wannan ta biyun ta yaɗu a ƙasashen Sudan ta Yamma ƙwarai: Zabarmawan Nijar suna kiranta dili, ana yin ta a Burkina Faso da Mali, Dakarkarin ƙasar Zuru kuwa sun shahara da ita har wani likita Bature mai suna R. C. Bell ya sa ta cikin littafinsa na wasannin al'ummomin duniya wanda ya fito a 1960, da sunan wasansu. Ita dai dara allonta ƙasa ce, kayanta tsakuwa da kara, iska ta share ta da dare a sake tonawa da safe, saboda haka tarihinta a hannun mutane yake da bakinsu, sai kuwa abin da ta bari a cikin harshe, kamar yadda har gobe idan makirci ya juyo kan mai shi akan ce dara ta ci gida.

Ƙa'idarta ba ta da yawa. Gurabu talatin ne, layi biyar kowane da gurbi shida, kowane ɗan wasa kuma yana da 'ya'ya goma sha biyu. Akan fara da zubi, wato kowa ya riƙa ajiye ɗa guda a gurbin da ya ga dama, bi da bi, har hannu ya ƙare, kuma a lokacin zubi ba a yarda mutum ya jera uku ba. In an gama sai a shiga tafiya, ɗa ya matsa gurbi guda, gaba ko baya, dama ko hagu, ba ya tsallake, ba ya bin kusurwa. Duk wanda ya jera 'ya'yansa uku a layi ɗaya ya ci, sai ya ɗauke ɗa guda daga na abokin karawarsa, wanda kuwa 'ya'yansa suka ragu har ba zai iya jera uku ba, an cinye shi, sai ya tashi ya ba wani wuri.

To, mai hisabi in ya duba zai ga cewa idan 'ya'ya ashirin da huɗu suka zauna a gurabu talatin, gurbi shida kaɗai ya rage babu kowa, kuma a cikin waɗannan shidan ne dukan yaƙin zai gudana. Zai kuma ga gurabun ba darajarsu ɗaya ba: guda huɗu na kusurwa ƙofa biyu-biyu gare su, goma sha huɗu na gefe ƙofa uku-uku, goma sha biyun tsakiya kuwa kowane yana da ƙofa huɗu. Wannan ne ya sa gwanaye suke cewa a zubi ake cin dara, tafiya shaida ce kawai. Ɗan koyo yakan yi ta jera biyu-biyu yana murna, bai lura an toshe masa gurbin ukun ba, har a gama zubi ya tarar 'ya'yansa sun cushe a gefe ba su da mafita, dole ya rushe jerin da ya gina da hannunsa domin ya sami abin takawa; gwani kuwa kana ganinsa yana ajiye ɗa a wurin da ba ka ga dalili ba, sai bayan taku goma ka gane ashe tun farko ƙofar wani gurbi yake tsarewa.

Ƙololuwar dabarar ita ce abin da ake kira doki, har a wasu wurare ma da wannan sunan ake kiran wasan gaba ɗaya. Siffarsa, mutum ya sami 'ya'ya biyu a jere, wasu biyu kuma a layin da ke maƙwabtaka da su, ga na biyar yana kai da komowa tsakanin layukan, in ya hau ya cika uku, in ya sauko ya cika uku, kowane taku da ci. Wanda aka ɗaura wa doki yakan zauna yana kallo ana tsince masa 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya, 'yan kallo suna dariya. Sai dai dokin yana da lagonsa, domin duk lokacin da ɗan nan ya bar gurbi, in abokin gaba yana da ɗa a maƙwabtaka sai ya faɗa ciki ya karya shi. Saboda haka mai hankali in ya sami cin farko ba ya ɗauke ɗan da ya fi kusa da hannunsa, yakan ɗauke wanda zai iya toshe masa hanya. Akwai kuma wata ƙa'ida da na fi so in tsaya a kanta, domin za mu sake haɗuwa da ita a fadar Kano: uku ake nema, huɗu a jere ba ci ba ne, wasu ma ba su yarda a jera su ba sam. Ƙarfin da ya wuce haddi a dara ba ya amfanin mai shi.

Malamanmu ba su taɓa sakin jiki da irin wannan zama ba, kuma suna da hujjarsu. Wasan shaɗaranji, wanda ya taso daga Indiya wajen ƙarni na shida ya bi ta Farisa ya shiga hannun Larabawa, ya sami gindin zama a fadar Abbasiyawa a Bagadaza har aka sami gwanaye irin su Assuli, wanda ya rasu a 946, aka yi ta wallafa littattafai a kan buɗe wasa da rufe shi. Amma fuƙaha'u sun yi saɓani a kan hukuncinsa, Imamu Shafi'i ya tsaya a kan karhanci, Imamu Malik kuwa ya tsananta. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda babu zauren karatu a ƙasar Kano da ba a biya shi, ya hana wasan nardi da shaɗaranji, ya karhanta zama wurin masu yi da kallonsu, ko da yake bai hana a yi musu sallama ba. A kan wannan ne wasu malamai suka yi wa dara ƙiyasi suka ƙyamace ta, wasu kuma suka sassauta muddin babu caca, babu rantsuwar banza, ba ta kuma sa a jinkirta salla. Ni dai abin da na gani da idona a garuruwanmu, ladan na ɗaga murya ake barin 'ya'ya a gurabunsu, a dawo a tarar ba wanda ya taɓa, ko kuwa a tarar an taɓa a yi ta musu har magariba.

Yanzu sai mu ɗaga ido daga ƙasa mu dubi taswira. Karaye tana yamma da birnin Kano, ƙasar Rogo kuwa da ke bayanta ta yi iyaka da Katsina ta wani gefe, da Zazzau ta wani gefen, wato a lissafin 'yan dara gurbin tsakiya ce mai ƙofa huɗu, wanda ya riƙe ta ya tsare hanya, wanda ya rasa ta an buɗe masa gida. Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda aka rubuta da Larabci, H. R. Palmer ya juya shi zuwa Turanci a 1908, aka kuma fitar da shi da Hausa a Zariya a farkon shekarun 1930 cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, ya ambaci Karaye a daidai lokacin da gaba tsakanin Kano da Katsina ta kai maƙura. Sarki Muhammadu Zaki, wanda ya yi mulki daga 1582 zuwa 1618, ya ga tasku ta fuska biyu, Kwararrafa daga kudu har suka ci ƙasar Kanawa suka watse, Katsinawa kuma daga arewa maso yamma suna kai hari ba dare ba rana. A ƙarshen rayuwarsa ya fito da niyyar sake yaƙar Katsina, ya sauka a Karaye, a nan ajali ya riske shi. Ɗansa Muhammadu Nazaki, da ya hau a 1618, ya fara da neman sulhu, Sarkin Katsina ya ƙi, ya taso da runduna, aka gamu a Karaye, Kanawa suka yi rinjaye.

A wannan zamani ne aka yi wani bawan sarki wanda ni a ganina babu labarin da ya fi nasa kama da dara a duk littafin, wato Wambai Giwa. Nazaki ya fita yaƙi ya bar shi a birni saboda rashin lafiya, da ya sami sauƙi sai ya nemi shawarar mutanensa a kan abin da zai yi ya faranta wa ubangijinsa, suka nuna masa faɗaɗa birni. Ya kuwa ɗaura ɗamara ya ja ganuwa ta fuskar yamma, wajen ƙofofin Gadon Ƙaya da Dukawuya da Kabuga har zuwa Kansakali, ana cewa kullum safiya yakan kawo wa ma'aikata ƙwarya dubu ta abinci da shanu hamsin har aka gama. Mai karatu ya lura, sashen da ya ƙarfafa shi ne wanda yake fuskantar Karaye da Katsina. Sai da ya gama rufe bayansa sannan ya bar birni ya tare a Karaye, ya riƙa kai wa Katsinawa hari yana komowa da ganima, ya fita ya ci, ya dawo ya ci, har ya mallaki 'yan lifidi ɗari da dawaki dubu. In wannan ba doki ba ne, ban san abin da za a kira doki ba: zubi ya yi a birni, tafiya ya yi a Karaye, kuma bai taka ba sai da ya tabbata babu mai faɗa masa a gurbin da ya bari.

Amma 'ya'yansa sun jeru huɗu. Ƙarfinsa ya kai inda fada ta fara tsoron kada ya yi tawaye, domin bawa mai dawaki dubu a garin iyaka, nesa da idon sarki, wanda mawaƙa suke wa kirari irin na sarakuna, ba ya bukatar ya yi laifi kafin a zarge shi. Da Kutumbi ya hau gadon sarauta a 1623 sai aka tuɓe shi. Ganuwar da ya gina ta daɗe bayansa ƙarni uku da ɗoriya, ƙofofin nan har yau da sunayensu ake kwatance a Kano, shi kuwa littafin bai sake komawa kansa ba.

Kutumbi jarumi ne, a fagen yaƙi da Katsina ya sami raunin da ya zama sanadinsa a 1648, kuma shi ne littafin ya ce ya fara karɓar jangali daga Fulani. Bayansa da kaɗan, zamanin Shekarau, malamai suka shiga tsakani aka ƙulla sulhu da Katsina, abin da takobi ya kasa yi cikin shekaru kusan tamanin. Sai dai yaƙi ya riga ya koya wa fada cin dukiyar talakawa, Sarki Sharefa, daga 1703 zuwa 1731, ya ƙago haraji iri-iri, ɗansa Kumbari kuwa ya ɗora wa Kasuwar Kurmi jiziyar da ta kusa kashe ta, ya karɓa har daga malamai, Larabawa fatake suka tattara suka koma Katsina, talakawa suka fice zuwa ƙauyuka. Wato abin da Katsina ta nema da mashi ba ta samu ba, Kano ta miƙa mata da hannunta. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa irin waɗannan karɓe-karɓe cikin aibobin sarakunan Hausa, kuma ba a cika shekara saba'in da rasuwar Kumbari ba jama'ar jihadi suka kawo ƙarshen gidan Kutumbawa, aka kashe Sarki Alwali a Burumburum a 1807.

Mu koma kan ɗan ƙanwata da kwamfutarsa. Wasan nan wani Ba'amurke mai suna Sid Meier ne ya ƙago shi tare da abokin aikinsa Bruce Shelley, kamfanin MicroProse ya fitar da shi a 1991, aka yi ta sabunta shi, na huɗu a 2005, na biyar a 2010, na shida a 2016, na bakwai a watan Fabrairu na 2025. Bisa al'adarsa akan fara shekara dubu huɗu kafin haihuwar Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da 'yan ƙaura kaɗan a kan taswirar da duhu ya rufe, a na biyar da na shida kuma akan rufe littafi a shekarar 2050 bayan taku ɗari biyar. Ƙasashenmu ma ba a bar su a baya ba: Mansa Musa na Mali ya shiga tun na huɗu, Askiya na Songai a na biyar, a na bakwai kuwa sai ga Amina ta Zazzau cikin shugabannin da mai wasa zai iya zaɓa. Akwai wani wasan daban, Age of Empires na uku, wanda ya sa Hausawa cikin al'ummominsa a 2021, amma shi ba bi da bi ake yin sa ba, kowa na ta gudu lokaci ɗaya, mai saurin yatsa shi ke rinjaye, saboda haka dangantakarsa da dambe ta fi kusa da dangantakarsa da dara.

Na sa yaron ya lissafa mini wasiyyoyin da gwanayen wasan suke wa masu koyo, ina saurare ina murmushi. Ya ce a kafa garin farko kusa da ruwa, in da hali a kan tudu, inda akwai abinci da ma'adinai. Na tuna Dala da tamarta da rafin Jakara, da yadda Sarki Gijimasu ya fara ganuwar Kano a ƙarni na goma sha biyu aka kewaye har da gonaki domin kada yunwa ta buɗe ƙofa lokacin da aka yi wa birni ƙawanya. Ya ce taku hamsin na farko su ne wasan, a tura magewaya da wuri su gano ƙasa, a yi hanzarin kafa garuruwa a mashigai da bakin koguna kafin maƙwabci ya riga ka, domin gurbin da aka rasa a farko sai da jini ake karɓo shi. Na ce wannan zubi ke nan. Ya ce kada a bar gari babu mayaƙi ko ɗaya saboda mahara, kada kuma a fita yaƙi sai an rufe gida. Ya ce wanda ya yi ta cin ƙasa bai duba taskarsa da jin daɗin talakawansa ba, kuɗin riƙon garuruwa zai karya shi, gari ya daina aiki, a na shida ma garin da ya yi nisa da fadar mulki yakan ɓalle sai an tura masa hakimi mai ƙarfi. Ni kuwa na ce masa ya karanta labarin Kumbari, sannan ya tambayi kansa wa zai tsare sarki daga hakimin nan mai ƙarfi, domin wannan tambaya ce da kwamfuta ba ta cika yi ba, alhali ita ce ta ci Wambai Giwa. Ya ce a zaɓi hanyar nasara guda tun da wuri, ko ta yaƙi, ko ta ilmi, ko ta al'adu, ko ta addini, ko ta sulhu, a bi ta, kada a raba ƙafa. A nan na ba shi gaskiya, domin Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499, abin da ya dawwamar da sunansa kasuwa ce da fada da masallaci da zaman da ya yi da Shehu Magili, ba yawan garuruwan da ya ƙone ba.

Inda muka rabu da shi shi ne wajen maki. Idan wa'adi ya cika ba wanda ya kai ga nasara, kwamfuta takan yi hisabi, ta ƙidaya yawan jama'a da garuruwa, da fannonin ilmin da aka buɗe, da gine-ginen al'ajabi da aka tsayar, ta fitar da adadi. A na huɗu ma wanda ya gama da wuri makinsa ya fi yawa, shi ya sa masu neman suna suke cusa jama'a a garuruwa su kuma gaggauta rufe wasa. Wannan hisabi ba baƙo ba ne a wurinmu, domin marubucin tarihin Kano ma haka yake yi, kowane sarki sai ya faɗi shekarunsa da watanninsa, da jarumansa da dawakinsa da garuruwan da ya ci. Abin da ba ya cikin lissafin su duka biyun shi ne mutanen da suke zaune a kan gurbin. Duk ganimar da Wambai Giwa ya komo da ita Karaye daga rumbun wani manomi ta fito, da garkensa, da 'ya'yansa, duk harin ramuwa da Katsinawa suka kawo kuma a kan ƙauyukan wannan yanki ya sauka. Bayan jihadi ma, da Katsinawan da suka ƙi mubaya'a suka kafa Maraɗi, mahayansu sun shafe galibin ƙarni na goma sha tara suna ratso kudancin Katsina da yammacin Kano, abin da ya tilasta wa Sakkwato da Kano siyasar ribaɗi, ya kuma sa mutanen karkara suka riƙa kewaye garuruwansu da ganuwa da sarƙaƙƙiya. A dara in an ɗauke tsakuwa akan ajiye ta gefe, an gama wasa a maida ta hannun mai ita. Wanda aka kama a gona aka kai kasuwa bai dawo ba. Ba ina zargin wasan ba ne, wasa wasa ne, kuma na ga ya sa yaron ya nemi sanin wace ce Amina, abin da shekara shida na makarantar sakandare ba su sa shi ba; amma wanda ya saba ganin ƙasa daga sama kamar shaho yana bukatar a riƙa tuna masa cewa kakanninsa a ƙasa suke.

Ita ma taswirar ba ta daina sauyawa ba. Turawan mulkin mallaka sun ci Kano a Fabrairun 1903 suka shata gundumomi, aka kammala madatsar Challawa a farkon shekarun 1990 ruwa ya rufe gonaki da tsofaffin matsugunai, manoma da yawa suka koyi kamun kifi. A 2019 aka ɗaga Karaye ta zama masarauta mai daraja ta ɗaya, a watan Mayu na 2024 aka rushe dokar, bayan wata biyu aka maido ta da daraja ta biyu, ƙananan hukumomin Karaye da Rogo a ƙarƙashinta. Duk wannan share fage da sake tona gurabu an yi shi, dattawan inuwa suna nan da tsakuwarsu, sai dai kowace shekara zoben da ke kewaye da su yana raguwa, samari sun koma ludo da karta da wayar hannu, waɗanda suka san sunayen taku da kirarin da ake wa gwani da habaicin da ake wa wanda aka ɗaura wa doki kuwa yawancinsu sun haura sittin.

Kafin ɗan ƙanwata ya koma Kano na kai shi inuwar nan, wani dattijo ya ba shi kara ya ɗauki tsakuwa, ya cinye shi sau huɗu a jere, yaron bai ci ɗa ko guda ba, yana ce masa, "Yaro, kai tafiya kake kallo, ni tun a zubi na gama da kai." Roƙona ga ɗalibanmu na Karaye da Rogo, musamman masu karatun kwamfuta, shi ne in rani ya zagayo su ɗauki takarda da alƙalami su zauna gaban waɗannan dattawa, su rubuta ƙa'idojin kowane gari da inda suka saɓa da na maƙwabta, su zana zubin gwanaye gurbi-gurbi, su ɗauki kalmomin da bakin masu su, wanda Allah ya hore wa kuma ya sa ta a waya, da sunanta na dara, da gurabunta talatin.